Yadda Ake Tantance Ingancin Daimon da Kimarsa Kafin Sayen Zoben Baiko

Idan aka ajiye duwatsun daimon biyu masu nauyi ɗaya a kan farin ƙyalle, zai yiwu mutum ya daɗe yana kallonsu bai ga abin da ya raba su ba, alhali kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan, kuma zai yiwu wanda ya fi araha shi ne ya fi ɗaukar ido. Abin da ya jawo haka shi ne an gina farashin daimon a kan abubuwa iri biyu waɗanda masu sayarwa ba kasafai suke rarrabe wa mai saye su ba: akwai abin da ido ke gani idan zobe yana yatsa, akwai kuma abin da ba ya bayyana sai an sa dutsen a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Mai neman zoben baiko, wanda galibi bai taɓa shiga wannan ciniki ba kuma da wuya ya sake shiga, ya kamata ya san inda iyakar waɗannan biyun take, domin ya zuba yawancin kuɗinsa a kan na farkon, ya biya na biyun daidai abin da ya zama tilas.

Kafin a soma maganar kyan dutse, takardarsa ake fara nema. Tsarin da duniya ke bi a yau wajen auna daimon ya fito ne daga cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, wato GIA, wadda Robert Shipley ya kafa a 1931, ta kuma fitar da ma'aunanta a 1953. Abubuwa huɗu ake dubawa, wato nauyi, yanka, launi da tsabtar ciki, kuma a kasuwa ana kiransu 4C saboda sunayensu na Turanci duk da harafin C suka fara. Akwai wasu cibiyoyin da su ma suke bayar da takarda, kamar IGI da aka kafa a birnin Antwerp na Beljiyam a 1975, da HRD wadda ita ma a can take. Sai dai awon launi da na tsabta hukunci ne na idon ƙwararre, kuma cibiyoyin ba su da tsanani ɗaya, don haka dutsen da wata ta ba shi wani matsayi zai iya sauka mataki ɗaya ko fiye idan ya je hannun wata. Saboda haka duk lokacin da ake kwatanta farashin duwatsu biyu, a tabbatar cibiya ɗaya ce ta auna su, in ba haka ba kwatancen bai tsaya a kan komai ba.

Kowace takarda tana da lamba, kuma manyan cibiyoyin suna da shafi a intanet inda ake shigar da lambar a ga ko bayanan sun yi daidai da abin da ke hannu. Duwatsu da yawa kuma an rubuta musu wannan lambar da hasken leza a kan ɗamararsu, wato siririn gefen da ya zagaye dutsen a inda ya fi faɗi. Mai saye ya nemi a ba shi gilashin ƙara girma ya karanta lambar da idonsa, domin takarda ta gaskiya na iya rakiyar dutsen da ba nata ba. Akwai wata takarda dabam da wasu shaguna ke bayarwa, wadda ke cewa an ƙiyasta kuɗin zoben ya kai kaza. Wannan ba takardar awo ba ce, amfaninta yana wajen inshora, kuma sau da yawa adadin da ke cikinta ya zarce abin da aka biya nesa ba kusa ba, abin da kan sa mai saye ya ɗauka ya yi tsintuwa. Cibiyar GIA ba ta rubuta kuɗi a takardarta ko kaɗan.

Yanka

A cikin ma'aunan huɗu, yanka ne kaɗai aikin hannun mutum, kuma a ganina shi ne bai kamata a sassauta a kansa ba. Ɗanyen daimon yadda aka haƙo shi ba ya ƙyalli, ya fi kama da guntun gilashin da ya sha ƙasa. Ƙyallin yana zuwa ne daga yadda aka jera fuskokinsa. Idan haske ya shiga daimon, saurinsa yana raguwa zuwa ƙasa da rabin wanda yake yi a sarari, kuma wannan ya sa dutsen ke iya riƙe hasken a cikinsa, ya buga shi daga wannan bango zuwa wancan, sannan ya mayar da shi sama ta inda ya shigo. Haka na faruwa ne kawai idan kusurwoyin ƙasan dutsen sun zauna daidai. Idan an yanka shi da zurfi fiye da kima, hasken zai zurare ta gefe, tsakiyar dutsen ta yi duhu. Idan kuma an baje shi ya yi fale-fale, hasken zai fita ta ƙasa, dutsen ya zama kamar idon kifi, ba rai a cikinsa.

Zagayayyen yanka da aka fi sani yana da fuskoki 57, ko 58 idan an goge tsinin ƙasa. Lissafin kusurwoyinsa ya samo asali ne daga aikin Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yankan daimon na Antwerp, wanda ya wallafa a 1919 cewa kusurwar ƙasa ta zama wajen digiri 40.75, ta sama kuma wajen digiri 34.5. Har yau masu sana'ar ba su yi nisa da waɗannan alƙaluma ba. Abin da da yawa daga cikinsu ke nema a takarda shi ne faffaɗar fuskar sama, wadda suke kira tebur, ta kasance tsakanin kashi 54 da 58 cikin ɗari na faɗin dutsen, zurfinsa kuma kada ya wuce kashi 62 da rabi, kusurwar ƙasa ta tsaya tsakanin digiri 40.6 da 41. GIA tana raba yankan zagayayyen dutse mataki biyar, na sama shi ake rubuta wa Excellent, sai Very Good, sai Good, sai Fair, sai Poor. Mai saye ya tsaya a kan na farko idan da hali, ya kuma sani cewa matakin na farko kansa yana da faɗi, domin akwai duwatsun da suka shiga cikinsa da ƙyar, shi ya sa duba alƙaluman kusurwoyin ba ɓata lokaci ba ne.

Ana iya tambaya, tun da an san lissafin fiye da shekara ɗari, me ya sa har yanzu ake samun duwatsu masu mummunan yanka? Amsar tana wajen nauyi. Mai yanka yana asarar kusan rabin ɗanyen dutse ko fiye kafin ya fitar da zagayayye, kuma da nauyi ake sayarwa, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake kira karat. Idan ya ga cewa yanka mai kyau zai bar masa karat 0.94, amma idan ya bar ɗamarar da kauri ya ƙara zurfi kaɗan zai kai karat 1.00, to riba tana jan shi zuwa na biyun. Wanda ya sayi irin wannan dutse ya biya kuɗin cikakken karat, amma wani ɓangare na nauyin yana ɓoye a ƙasa inda ba mai gani, faɗin da ke sama bai kai na karat ɗaya ba, ƙyallin ma ya ragu. Hanyar gano wannan tana da sauƙi, domin takarda tana nuna faɗin dutse da milimita. Zagayayyen daimon mai karat ɗaya da aka yanka daidai yana da faɗin milimita 6.4 zuwa 6.5, mai rabin karat kuma wajen 5.1. Idan aka ga mai karat ɗaya yana da faɗin 6.1 ko 6.2, an san inda sauran nauyin ya tafi.

Bayan takarda sai ido. Fitilun shagon kayan ado an zaɓe su ne don su sa kowane dutse ya yi walƙiya, har da wanda bai cancanta ba. A nemi a goge dutsen tukuna, saboda daimon yana jan maiƙo, kuma ɗan maiƙon yatsa ya isa ya dusashe shi. Daga nan a kai shi kusa da taga a gan shi da hasken rana, a kuma sa hannu a yi masa inuwa. Dutse mai kyakkyawan yanka ba ya mutuwa a inuwa, yana ci gaba da haske tun daga tsakiya har baki, kuma idan an karkata shi a hankali za a ga fari da duhu suna musanya a ƙananan fuskoki, tare da tartsatsin launuka. Zai fi kyau a jera biyu ko uku a lokaci ɗaya, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma ya fi saninta idan yana da abin kwatantawa.

Launi da tsabtar ciki

A nan ne ake iya rage kashe kuɗi ba tare da an rage kyau ba. Ma'aunin launi yana farawa daga harafin D, wanda ba shi da launi ko kaɗan, ya gangara har Z, inda rawaya ko ruwan ƙasa ya fito fili. An fara da D ne don a rabu da tsofaffin tsare-tsaren da kowane ɗan kasuwa ke kiran hajarsa A ko AA yadda ya ga dama. Rawayar tana zuwa ne daga ƙwayoyin sinadarin nitirojin da suka shiga jikin dutsen tun yana haɗuwa a ƙarƙashin ƙasa. D, E da F su ne marasa launi, G zuwa J kuma ana ce musu na kusa da marasa launi. Ya kamata a san yadda ake wannan awo: ana kifa dutsen a kan farin faranti, a dube shi ta gefe a ƙarƙashin fitila ta musamman, a kwatanta shi da duwatsun gwaji. Ba wanda zai taɓa ganin zobe a wannan hali. Idan dutsen yana fuskantar sama, an ɗaura shi a kan zobe, yawancin mutane ba za su iya raba F da H ba, alhali tazarar kuɗinsu ba ƙarama ba ce.

Ƙarfen zoben ma yana da tasiri a kan wannan zaɓi. Idan za a ɗora dutsen a kan jan zinare, launin ƙarfen zai shiga cikinsa ko da D ne, don haka sayen D a wannan hali asarar kuɗi ce, kuma I ko J, har ma K, suna zama lafiya. Idan kuma farin zinare ne ko filatinam, G ko H sun wadatar, domin farin ƙarfe yana tona rawayar da ja zai rufe. Girman dutse shi ma yana ƙara bayyana launi, saboda haka mai sayen karat biyu ya fi mai sayen rabin karat buƙatar hawa sama a wannan ma'auni.

Tsabtar ciki kuwa awo ne na tabon da ke cikin dutse ko a bayansa, kamar ƙananan ƙwayoyin wasu ma'adinai, ko tsaga mai kama da gashin tsuntsu, ko tarin ɗigo-ɗigo mai kama da hazo. Ana duba su da gilashin da ke ƙara girma sau goma, kuma matakan goma sha ɗaya ne: FL da IF a sama, sai VVS1 da VVS2, sai VS1 da VS2, sai SI1 da SI2, sannan I1, I2 da I3 a ƙasa. Tambayar da ta dami mai saye ɗaya ce, wato ko ido tsirara yana ganin tabon daga tazarar da mutane ke kallon hannun juna. Daga VS2 zuwa sama kusan kullum ba a gani, a SI1 sau da yawa ba a gani, a SI2 sai an duba dutse ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya biya kuɗin VVS1 ya sayi ƙarancin irin dutsen ne a duniya, amma a yatsa ba zai bambanta da VS2 ba.

Wurin da tabon yake ya fi harafinsa muhimmanci. Baƙin ɗigo a tsakiyar tebur yana fitowa fili, wani lokaci ma fuskokin ƙasa su maimaita hotonsa ya zama kamar guda biyar, amma farin tabo a gefe ana iya ɓoye shi a ƙarƙashin farcen da ke riƙe dutsen. Abubuwa biyu ne ya kamata a guje musu ko da farashi ya yi daɗi. Na farko shi ne tsagar da ta kai bakin ɗamara, domin duk da cewa daimon ya fi kowane ma'adini na halitta tauri, har ya hau mataki na 10, wato na ƙoli, a ma'aunin taurin ma'adinai da ake kira Mohs, taurin nan na hana karcewa ne kawai, kuma dutsen yana da layukan da yake tsagewa ta kansu idan ya bugu da ƙarfi. Na biyu shi ne dutse mai matakin SI wanda aka rubuta a ƙasan takardarsa cewa hazo ne ya sa aka ba shi wannan mataki, domin irinsa yakan yi dishi-dishi kamar an shafa masa madara, komai kyan yankansa.

Akwai wani layi a takarda da ke ruɗa mutane, wanda ke nuna ko dutsen yana fitar da haske, galibi shuɗi, idan an haska shi da fitilar UV, mai wani irin haske da ido ba ya gani wanda akwai shi a hasken rana. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na duwatsun daimon suna da wannan hali. Kasuwa tana rage wa irinsu kuɗi, musamman a matakan D zuwa F, amma a dutse mai launin I ko J shuɗin yana iya danne rawayar a hasken rana ya sa shi ya ƙara fari. Kaɗan ne daga masu tsananin wannan hali suke yin hazo. A fita da dutsen rana a duba, idan ya fito garau, to ragin ya zama riba.

Nauyi da siffa

Karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar ne na giram, wato miligiram 200, kuma ana raba shi maki ɗari, ta yadda dutse mai maki 50 shi ne rabin karat. Farashi ba ya hawa daidai da nauyi, domin manyan duwatsu sun fi ƙanana wuyar samu, saboda haka dutse ɗaya mai karat biyu ya fi duwatsu biyu masu karat ɗaya-ɗaya tsada sosai, kuma faɗinsa wajen milimita 8 ne kawai, bai ninka 6.5 ba. Jadawalin farashin da dillalai ke dubawa, wanda Martin Rapaport ya soma fitarwa a 1978, ya kasa duwatsu rukuni-rukuni, kuma kuɗin kowane karat yana tsalle a kan iyakoki kamar 0.50, 0.70, 1.00 da 1.50. Wanda ya sayi 0.92 maimakon 1.00 ya rasa abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba a faɗi, amma ya kauce wa tsallen. Idan ana kwatanta duwatsu masu nauyi daban-daban, a raba kuɗin kowanne da nauyinsa a ga nawa karat ya kama. A kuma lura da zoben da aka ce yana da karat ɗaya alhali jimillar duwatsu goma sha biyar ake nufi, domin kimarsa ba ta kusa da ta dutse guda mai wannan nauyi.

Siffofin da ba zagayayyu ba, kamar mai kama da ƙwai, mai kama da ɗigon ruwa, ko mai kusurwa huɗu, galibi sun fi araha a kowane karat saboda ba sa cin ɗanyen dutse kamar zagayayye, kuma dogayen cikinsu suna bayyana da girma fiye da nauyinsu. Sai dai GIA ba ta ba su makin yanka, don haka nauyin hukunci yana komawa kan idon mai saye. Dogayen siffofi sukan nuna wata baƙar inuwa da ta ratsa tsakiyarsu, kuma a bar duk wanda tasa ta yi ƙarfi. Yankan emerald, mai dogayen fuskoki kamar matakalar bene, yana barin a ga cikin dutsen kamar ta taga, saboda haka yana buƙatar launi da tsabta masu tsayi fiye da zagayayye. Masu tsinin kusurwa kuma sai an rufe musu tsinin da ƙarfe, domin ta nan suke gutsurewa.

Na ƙasa, na masana'anta, da na jabu

Daimon na ƙasa ya haɗu ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200, yawancinsa shekaru biliyan ɗaya zuwa uku da suka wuce. Tun 1954, lokacin da kamfanin General Electric ya yi nasarar haɗa shi, ake iya yin daimon a masana'anta, kuma a yau ana yin masu kyan da ya isa zobe ta hanyoyi biyu, ɗaya ta matsi da zafi mai tsanani wadda ake kira HPHT, ɗaya kuma ta tara ƙwayoyin kabon daga iskar gas wadda ake kira CVD. Wannan dutse daimon ne na gaske, taurinsa da ƙyallinsa ɗaya ne da na ƙasa, kuma ko ƙwararre ba ya raba su sai da na'ura. Bambancin yana wajen kuɗi: na masana'anta ya fi araha ƙwarai, farashinsa kuma yana ta faɗuwa shekara bayan shekara saboda ba iyaka ga adadin da za a iya yi, don haka wanda ya saye shi kada ya sa ran samun wani abin kirki idan ya tashi sayarwa. Gaskiyar magana ita ce na ƙasan ma ba ajiyar kuɗi ba ne kamar zinare, domin ribar shago tana cikin kuɗin da aka biya, kuma mai sayarwa daga baya da wuya ya mayar da abin da ya kashe. Duk wanda aka zaɓa cikin biyun, a tabbatar an rubuta shi ƙarara a takarda da kuma rasit. Haka nan ya kyautu a san ra'ayin wadda za ta sa zoben, domin akwai wadda ta fi son babban dutse ko daga ina ya fito, akwai kuma wadda asalinsa ne ya dame ta.

Na jabu kuwa wani abu ne dabam. Kubik zirkoniya ya fi daimon nauyi da fiye da rabi a girma ɗaya, kuma yana karcewa ya dushe da amfani. Moisanait yana da tauri sosai, yana fitar da launuka fiye da daimon, kuma yana iya yaudarar tsofaffin na'urorin gwaji masu auna zafi, amma idan an leƙa shi ta gefe da gilashi ana ganin layukan fuskokinsa sun zama biyu-biyu. Ba laifi ba ne mutum ya sayi ɗaya daga cikinsu da saninsa da kuma kuɗinsa. Akwai kuma daimon na gaske da aka yi wa kwaskwarima, ko dai an huda shi da leza an wanke baƙin tabo, ko an cike tsagarsa da wani irin gilashi. Cikon gilashi ba ya dawwama, zafin wutar maƙeri wajen gyara yana iya lalata shi, kuma GIA ba ta bayar da maki ga dutsen da aka cike. Idan farashi ya faɗi ƙasa da na takwarorinsa ba tare da dalili bayyananne ba, a tuna cewa araha ba ta ado, a tambayi ko an taɓa dutsen, a kuma nemi amsar a rubuce.

Game da asalin dutse, tun 2003 akwai Tsarin Kimberley, wanda aka kafa bayan an yi amfani da kuɗin daimon wajen yaƙe-yaƙen Saliyo da Angola da Kwango, don hana irin waɗannan duwatsu shiga kasuwa. Ma'anarsa tana da ƙunci, domin ta tsaya ne a kan daimon da 'yan tawaye ke sayarwa, ba ta shafi halin ma'aikata ko ɓarnar muhalli ba. Wanda wannan ya dame shi ya nemi dutsen da aka bayyana ƙasar da aka haƙo shi, kamar Botswana ko Kanada.

Zoben kansa

Kalmar karat a wajen zinare tana nufin tsabtarsa cikin kashi 24, ba nauyi ba. Zinare mai karat 18 kashi 75 cikin ɗari ne, kuma ana buga masa hatimin 750 a cikin zoben, mai karat 14 kuma 585, filatinam galibi 950. Mai karat 22 ya cika taushi ga faratan da za su riƙe dutse shekara da shekaru. Farin zinare ana shafe shi da wani farin ƙarfe da ake kira rodiyam, shafen yana gogewa sai an riƙa sabuntawa, wani kuma yana ɗauke da nikel wanda fatar wasu mutane ba ta so. Farata shida, salon da kamfanin Tiffany ya fito da shi a 1886, sun fi huɗu tsaro domin ko ɗaya ya karye dutsen ba zai faɗi ba, amma huɗu sun fi barin ƙaramin dutse ya bayyana. Ga mace mai yawan aikin hannu, zoben da ƙarfe ya zagaye dutsen gaba ɗaya ya fi dacewa. Zoben da aka jera wa ƙananan duwatsu a duk kewayensa yana da wuyar ragewa ko ƙarawa, saboda haka a tabbatar da awon yatsa kafin a saye shi.

Maganar da ake yawan ji cewa dole a kashe albashin wata biyu a kan zobe ba ta da wani tushe illa tallan da kamfanin daimon na De Beers ya yi a ƙarni na 20. Mai saye ya yanke adadin da zai iya ba tare da bashi ba tun kafin ya shiga shago, ya riƙe yanka a matakin sama, ya sauko da launi da tsabta har zuwa inda idonsa ya fara ganin bambanci sannan ya koma mataki ɗaya sama, abin da ya rage kuma ya tafi ga nauyi. Idan zai yiwu, ya ga dutsen tsirara kafin a ɗaura shi, domin farata da ƙarfe suna ɓoye tabo da launi. Idan ta intanet zai saya, ya nemi bidiyon ainihin dutsen yana juyawa, ba hoton misali ba, kuma kada ya biya sai akwai sharaɗi a rubuce na mayarwa da karɓar cikakken kuɗi cikin wasu kwanaki. A cikin waɗannan kwanakin ya kai zoben wurin ƙwararren da ba shi da alaƙa da shagon ya gwada shi da takardar. Rasit ɗin ya ƙunshi lambar takarda, nauyi, launi, tsabta, irin ƙarfe, da kuma ko dutsen na ƙasa ne ko na masana'anta. Ranar karɓar zobe, bayan an ɗaura dutsen, ya sake karanta lambar da ke ɗamara, ya kuma kai zoben kusa da kunne ya ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa, idan ya ji motsi to wani farce bai kama ba, sai a matse shi kafin a bar wurin.